Igiyar Baba Sallau

A Fagge, bayan layin masu gyaran rediyo,
akwai zauren da aka rataye igiya a ƙusa,
kaurinta ya kai babban yatsa,
ta yi furfura kamar mai ita.
In ka kai hanci, har yau tana warin gishirin ruwa.

Mai ita kakana ne, Sallau.
Da sharar filin jirgi ya fara,
zamanin yaƙin Hitila, yana ɗan sha tara,
jirage na sauka su sha mai su wuce gabas.
Wata safiya Bature ya ce, wa ya iya ninƙaya?
Shi da ya koya a kududdufin unguwa
sai ya ɗaga hannu.
Jirgin ƙasa ya kwana da shi a hanya, ya sauke shi a Ikko,
gaban teku mai kumfa da kuwwa.

Suka ce masa shi sojan sama ne,
amma ko sau ɗaya bai hau sama ba.
Jirgin ruwa mai gudu aka ba su, da lamba a goshinsa,
aikinsu jiran faɗowar waɗanda suka tashi.
Ba bindiga a hannunsa,
sai igiya, ƙugiya, bargo da shayi mai zafi.
Sati biyu yana amai a gefen katako
kafin cikinsa ya yi sulhu da igiyar ruwa.

Ya ce jirgin sama in ya faɗa teku
kafin kunu ya huce ya nitse.
Abin da ke saura, mai a shimfiɗe kamar tabarma,
takalmi guda,
da mutum, in da sauran kwana.
Goma sha ɗaya ya ciro da rai.
In yana ƙirgawa, yatsu su ƙare, sai ya dafa gwiwa.

Na sha biyun ba ya son zancensa.
Yaro ne, in ji shi, gashinsa kamar gemun masara,
ya kama igiyar, ya dube shi, ya saki.
Daga nan sai Baba ya jawo buta,
ya ce lokacin salla na ƙurewa.

Da ya dawo Kano, majalisa ta sami abin dariya:
"Sojan sama na cikin ruwa!
Sallau, ina ka baro fukafukan?"
'Yan Bama na da lambobi a ƙirji da tabon harsashi,
shi takarda ɗaya ce, ita ma gara ta cinye sunan.
Ya kama ɗinkin tamfol a bakin kasuwa,
ƙullin da ya yi kuwa babu mai kwancewa.

Sai damanar da ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba.
Kududdufi ya haɗiye hanya,
Ɗanliti na Asabe mai waina ya zame.
Maza sun cika baki suna salati, babu mai shiga.
Ina riƙe da zanen uwata na ga tsohon ya fito,
ba hula, ba takalmi,
ya naɗe igiyar a gwiwar hannu,
ya kaɗa sau biyu, ya wurga.
Ta tsallake kan yaron ta kwanta a kafaɗarsa.
"Riƙe! Kar ka saki!"
da wata murya da ban san shi da ita ba.
Yaron ya riƙe. Unguwa ta kama janyowa.

Daren nan bai taɓa tuwo ba.
Ya shanya igiyar a zaure, ya zauna ƙarƙashinta,
na leƙa na gan shi yana ƙirga yatsu,
ya dafa gwiwa,
ya jima,
sannan ya dafa ɗaya gwiwar.

Yanzu an cike kududdufin, an jera shaguna,
Baba ya koma ga Mai shi tun ina makaranta.
Ɗanliti ya yi gemu, yana walda a Ƙofar Ruwa.
Duk farkon damina zai zo da yamma,
ya gaishe mu, ya sauke igiyar daga ƙusa,
ya bi ta taƙi-taƙi yana duba inda ta ci,
ya naɗe ta yadda ya ga an naɗe,
ya mayar, ya tafi bai ce komai ba,
hadari na haɗuwa.